Tabarmar Baba a Hawa na Bakwai

Bakina ne ya ja mini shiga kwamitin masu gidaje na benenmu. Shekarar da ni da maigidana muka gaji da haya a unguwar Al Karama ta Dubai muka sayi ɗan sashenmu a bayan gari, ɗaya daga cikin liftocin benen ta yi ta lalacewa, ni kuwa na mayar da ofishin kamfanin da ke kula da ginin wurin zuwana kullum, ina zazzaga musu masifa. Da lokacin zaɓe ya zo, maƙwabta suka ce tunda ga wadda ba ta gajiya da magana, a ba ta. Kafin in ankara na zama shugabar kwamiti. Maigidana ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce to yanzu in lifta ta tsaya sai in kai ƙarar kaina.

Aikin ba shi da wani armashi. Mu masu gidaje mukan biya kuɗin hidima duk shekara, kamfani ya riƙe, shi ke ɗaukar masu gadi da masu shara, shi ke wanke tankin ruwa, shi ke kiran masu gyaran na'urar sanyi idan ta ƙi aiki a tsakiyar zafi. Kwamiti ba ya ɗaukar kowa aiki, ba ya korar kowa. Namu sa ido ne, da jin koken jama'a, da ba da shawara. Wuƙa da nama suna hannun kamfani. Da rana ina kantin magani inda nake aiki, da yamma ina raba rigimar wurin ajiye mota tsakanin mutanen da ba sa jin yaren juna.

Manajar da kamfani ya turo mana 'yar Filifin ce, 'yar siririya, kullum gashinta a ɗaure, da oba-oba a hannu. Ba ta ɗaga murya. Duk abin da na zo da shi, ko da wuta nake ci, sai ta ce, "Madam, zan duba." Da farko wannan kalma tana ƙona mini rai. Sai da tafiya ta yi tafiya na gane idan ta ce za ta duba, to dubawar za ta yi. Ba zan ce mun zama ƙawaye ba, amma na daina shiga ofishinta da faɗa a baki, ita kuma ta fara ajiye mini shayi.

A hawanmu na bakwai akwai wani Alhaji ɗan Kano, ɗan kasuwa, ofishinsa na Al Buteen inda yake haɗa wa mutane kaya yana lodin kwantena. Shi ne ya ɗauko mahaifinsa daga gida. Tsohon yana da ciwon suga, ido ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan kuma ya rage saura ƙiris, haske kawai yake gani da giftawar mutum. Tun rasuwar matarsa babu mai iya tsare shi a kan abinci da magani. Wani likitan ido a nan ya ce za a iya ceto idon da ya rage, amma ba zai taɓa shi ba sai sugan ya sauka ya zauna, kuma idan aka daɗe ana jira shi ma zai bi ɗan'uwansa. Zaman jiran ke nan da ya kawo Baba benenmu.

Ranar da na fara ganinsa na dawo daga aiki ne. Lifta ta buɗe, sai ga dattijo a kan tabarma a bakin ƙofar Alhaji, ya jingina da bango, ga buta a gefe, ga takalmansa a jere, ga ɗan rediyo yana ta ƙus-ƙus. Sai da na juya na duba lambar hawan, don na ɗauka idona ne. Tabarma a cikin korido, a Dubai! Ya jiyo takuna ya ce, "Sannu da zuwa. An dawo?"

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na ce, "Ina wuni, Baba?" Ya saki murmushi, ya ce, "Ikon Allah. 'Yar gida ce. 'Yar wace unguwa?" Na faɗa masa. Ya tambayi sunan mahaifina da na kakana da sana'arsu, bai san su ba, amma ya san wani mai sayar da yadi a bakin layinmu, kuma wannan ya ishe shi. Rabon da wani ya tambaye ni gidanmu na manta. Na shiga ɗaki da jakata a hannu na zauna, zuciyata ta yi wani irin sanyi.

Alhaji ya ba ni labari daga baya. Ya ce tunda ya buɗi ido yake ganin mahaifinsa a ƙofar gida daga la'asar zuwa isha, kowa ya wuce a gaisa. Da ya zo nan ya yi kwana biyu a falo cikin sanyin na'ura, a rana ta uku ya ce, "Wai ku nan ba ku da ƙofar gida ne?" Aka nuna masa ƙofa, ya ce a shimfiɗa masa.

Cikin 'yan makonni Baba ya san duk mutanen hawan da takunsu. Ba ya jin Turanci, Larabcinsa na karatun allo ne, amma bai hana shi komai ba. Akwai wata Ba'indiya mai tagwaye, da wani injiniya ɗan Masar da ke cikin kwamitinmu, da wasu samari 'yan Pakistan masu aikin banki. Kowa "sannu" ake ce masa, kuma kowa ya koyi cewa "yawwa". Mutanen da suka shekara suna haɗuwa a lifta kowa na kallon wayarsa, sai ga su suna tsayawa a bakin tabarma. Ni da ya ji an ce ni ce shugabar kwamiti, ya laƙaba mini Shugaba. Kullum sai ya ce, "Shugaba, ya jama'a? Ya haƙuri da mu?" Ni kuma in tambaye shi me ya ci da rana, in yi masa faɗan shayi mai sukari. Sugan ya fara sauka. Alhaji ya ce likita ya ji daɗi.

Na san tabarmar ta saɓa dokar gini. Ni da kaina na sa hannu aka hana ajiye keke da takalma a korido. Na dai kau da kai. Manajar ma na tabbata ta gani a kyamara, ita ma ta kau da nata.

Sai wata la'asar wani a hawa na tara ya bar mai a wuta ya shiga wanka. Ƙararrawar gobara ta ɗauka, lifta ta tsaya kamar yadda aka tsara ta, kowa ya yo waje da gudu zai bi matakala. Tabarmar Baba kuwa tana kan hanyar matakalar. Mai tagwaye ta fito da ɗaya a kafaɗa ɗaya a hannu, ta yi tuntuɓe da buta, ta zube a kan gwiwa. Baba ya miƙe yana laluben bango, bai san inda zai nufa ba, mutane na gogarsa ta ko'ina. Ɗaya daga cikin samarin nan ne ya goya shi ya sauko da shi. Wutar ba ta kai ta kawo ba, hayaƙi ne kawai. Amma kowa ya ga abin da ya gani.

Washegari manajar ta kira ni. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce, "Madam, korido hanyar tsira ce. Da wutar gaske ce, da shi za a fara takewa. Zan iya aika musu takarda daga kamfani, amma ina ganin daga bakinki zai fi sauƙi." Na so in yi faɗa, sai na fasa. Gaskiyarta ce.

Ta yaya zan dubi sa'an kakana in ce ya tashi daga ƙofar gidan ɗansa? A inda na taso ba a yi. Na gaya wa Alhaji, ya dafe kai ya ce, "Hajiya, wallahi ba zan iya ba. Ke yake jin maganarki. Ki taimaka, ki yi masa shwaiya-shwaiya, a hankali dai." Wato shi ma ya turo mini.

Na je na durƙusa. Na gaishe shi, na tambayi jiki, na tambayi mutanen gida, na yi zancen zafi, na yi zancen gobarar jiya, na jajanta. Na kewaya na kewaya, na ce ai mutanen kamfani sun tsorata ƙwarai saboda shi, suna ta tunanin lafiyarsa, wai wurin nan matsattse ne. Ina cikin neman yadda zan ƙarasa ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Shugaba, ya isa. Na gane. Ashe takura wa mutane nake yi ban sani ba. Baiwar Allah nan da ta faɗi, ki ba ta haƙuri."

Na ce, "Baba, ba haka ba ne."

Ya ce, "Ba komai. Baƙo ne ni, ban san tsarin gari ba." Ya lalubi butarsa, ya miƙe, ya naɗe tabarmar da hannunsa, ya ƙi bari in karɓa. Ya shiga ya turo ƙofa a hankali.

Na fi son da ya zage ni. Kunya ce ta kama shi, irin kunyar dattijon da bai taɓa zama kaya a wuyan kowa ba. Daga ranar bai sake leƙowa ba. Idan na shiga gaishe shi sai in tarar da shi a ɗaki ya juya wa taga baya, rediyon a kashe. Ya amsa gaisuwa a taƙaice, babu Shugaba, babu tsokana. Abinci sai ya taɓa ya ture, maganin ma sai an yi da gaske. Sugan ya koma hawa da sauka yadda ya ga dama. Alhaji ya ce zai kai shi garin Hatta ranar hutu ya sha iska, ya ga duwatsu da dam. Baba ya ce, "In gani da me?"

Ba a jima ba Alhaji ya tare ni a wurin ajiye motoci, fuskarsa a yamutse. Ya ce, "Hajiya, khalas, magana ta ƙare. Ya ce in saya masa tikiti. Ya ce gara ya makance a ƙofar gidansa da ya warke a cikin akwati. Na roƙe shi har da kuka. Kin san idan ya koma, idon ya tafi ke nan." Na sani. Aikina ne in sani.

Na wuce ofishin manajar ko sama ban hau ba. Na ce mata tsohon nan zai rasa idonsa, kuma da hannunmu a ciki. Na shirya jin "zan duba". Sai ta ajiye oba-obarta ta ce, "Kakana ma haka yake zama a gaban gida. Da aka kai shi birni wurin ƙanwar babata bai daɗe ba." Ta miƙe ta ce in biyo ta.

A ƙasa, kusa da babbar ƙofar shiga, gefen teburin mai gadi, akwai wani lungu da aka ajiye tukunyar fulawar roba mai ƙura. Ta auna shi da ido, ta auna da tef, ta ce ba ya kan hanyar fita, kuma yana kusa da ƙofa fiye da ko'ina a ginin. Ta ce ita ba za ta iya canja amfanin wurin da kanta ba, wurin na masu gidaje ne gaba ɗaya, sai kwamiti ya ba da shawara sannan ta kai wa manyanta. Na kira mitin a makon. Injiniyan nan ɗan Masar, wanda ko kwan fitila za a canja sai ya yi tambaya goma, ya ce idan aka buɗe wannan ƙofa gobe wani zai kawo kujerarsa da shisha. Na buɗe baki zan sauke masa, manajar ta riga ni. Ta ce ba wurin mutum ɗaya za a rubuta ba, wurin zaman dattawan gini za a ce, kuma kamfani ne zai kula da shi. Sai injiniyan ya ce shi ma tun da aka ɗauke tabarmar hawan ya yi masa wani iri. Aka amince. Ita ta bi manyanta har suka sa hannu, aka ɗauke fulawar roba, aka kawo benci mai laushi da ɗan kafet.

Na hau sama ina murna kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Na ce, "Baba, an samo maka wuri a ƙasa, bakin babbar ƙofa. Ya fi nan iska, ya fi nan mutane."

Ya ce, "Ƙofar wa?"

Na ce, "Ta ginin ce, Baba. Ta kowa."

Ya ce, "To ni ina ruwana da ƙofar kowa? Mutum a ƙofar gidansa yake zama, ko inda mai gida ya kira shi. In je in tsuguna a bakin ƙofar mutane, mai shiga ya gan ni mai fita ya gan ni, a ce wannan tsohon me yake jira? Allah ya saka da alheri. Ku bar wa masu jiran mota."

Na fito da ɗan haushi, don na sha wahalar bencin nan. Sai da na zauna na huce na ga inda muka kuskure. Mun yi masa abu irin na kamfani, mun ware wuri mun ce ga shi nan, an ba ka izini. Dattijo irinsa ba izini yake nema ba, kuma ba a yi masa alfarma a bainar jama'a. Roƙonsa ake yi ya yi maka.

Na koma wurin manajar na ce ina so ta hau sama da ni, ita da injiniya, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ta ce me za ta ce masa? Na ce ta faɗi abin da ke ranta, ni zan fassara. Ta tambaye ni yadda ake gaishe shi, ta ce a garinsu hannun tsoho ake kamawa a kai goshi. Na ce a'a, kada ta taɓa hannunsa, ta cire takalmi kawai ta rage tsawo.

Muka shiga mu uku, Alhaji na tsaye a bakin ƙofa. Manajar ta tuɓe takalmanta, ta durƙusa da wandon ofis ɗinta, gwiwa biyu a ƙasa, ta ce "Ina wuni, Baba" da wata irin Hausa da ta sa Alhaji ya juya baya yana danne dariya. Injiniya ya yi sallama ya zauna a ƙasa shi ma, da ƙyar, yana nishi. Baba ya gyara zama ya ce, "Lafiya? Su wa ke nan?"

Na ce, "Masu gidan ne, Baba, da 'yar kamfani. Mun zo roƙo ne. Gidan nan mutum ya fi ɗari a ciki, amma ƙofarsa ba babba. Yara na shiga suna fita ba mai ce musu daga ina. Baƙo ya zo ba mai yi masa maraba sai mai gadi. Mu duka aiki muke tafiya. Muna roƙo ka riƙe mana ƙofar, ko zuwa lokacin da za a gama maganar idon."

Manajar ta yi magana, na fassara. Ta ce ita ce ta sa aka ɗauke tabarmar, kuma ko yau aka sake za ta sake, don ba ta so a take shi. Amma tun ranar mutane ke tsayar da ita suna tambaya ina tsohon nan, ita kuma ba ta da amsa. Ta ce ginin ya fi sauƙin riƙewa lokacin da yake zaune.

Baba ya ja carbinsa. Can ya ce, "Ita wannan ita ta tashe ni?" Na ce ita ce. Ya ce, "Kuma ta faɗa da bakinta. To madalla." Sannan ya ce, "Benci na ji an ce? Ni ba na zama a benci, ba asibiti na zo ba. A sauko mini da tabarmata." Na fassara. Manajar ta dube ni, na dube ta. Ta ce za a matsar da bencin gefe.

Ba wanda ya sake zancen tikiti. Kullum bayan la'asar Alhaji ko matarsa su sauko da shi, ya zauna har magariba. Yanzu ba hawa ɗaya ba, ginin gaba ɗaya ne ke wucewa ta gabansa. Ya ɗauki abin da gaske fiye da yadda na zata. Har ƙorafi yake kawo mini, wai masu kawo abinci a babur suna barin ƙofa a buɗe sanyi na fita, wai akwai wata mota da ke shigowa da gudu. Na kai wa manajar, ta ce za ta duba. Ya koma cin abinci, ya koma yi mini gardamar sukari. Sugan ya sauka ya zauna, likita ya sa ranar yi wa idon aiki.

Ranar da aka cire masa bandeji na ɗauki hutun rabin yini, na ce wa kaina aikin kwamiti ne ya tsare ni. Ina tsaye wurin mai gadi motar Alhaji ta tsaya. Baba ya fito da baƙin tabarau, Alhaji na riƙe da hannunsa. A bakin ƙofa ya zame hannun. Ya tako shi kaɗai, a hankali, ya tsaya a gaban tabarmar ya dube ta, ya tuɓe takalmi ya zauna. Alhaji ya ce, "Baba, yalla, zo mu hau ka huta, likita ya ce banda haske da yawa." Ya ce, "Yanzu dai."

Manajar ta fito daga ofis. Ya bi ta da kallo bai gane ta ba, sai da ta gaishe shi ya ji muryar. Ya ce, "Kai! Wannan 'yar yarinyar ce ta tashe ni? Ni na ɗauka wata ƙatuwa ce." Na fassara mata, ta yi dariya tana goge ido da bayan hannu.

Sannan na matso na durƙusa, na sunkuyar da kai yadda aka koya mini, na ce, "Baba, ya jiki? An auna arziki."

Ya ce, "Ɗago, Shugaba. Ba don in ga tsakiyar ɗankwalinki na yarda aka sa mini wuƙa a ido ba."

Na ɗago. Ya zare tabarau, ya ƙanƙance idon, jajir da shi yana ruwa, ya dube ni ya daɗe. Na yi ƙoƙarin yin murmushi. Ya ce, "Ashe wushirya gare ki. Duk zaman nan ba wanda ya gaya mini." Kuka ya ƙwace mini a nan gaban mai gadi da kowa, ban ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Ya bar ni na yi mai isata, yana cewa, "Ya isa, 'yata, ya isa. Allah ya yi miki albarka." Sannan ya mayar da tabaraunsa, ya leƙa ta bayan kafaɗata, ya ce in ɗan matsa gefe, na tare masa ƙofa, ga mutane can suna shigowa.